Jijiyar da Ba Ta Rufe Ba: Makarfi, Kudan da Ikara a Lokacin Hunturu

A kasuwar Makarfi, in an wuce layin masu rake da masu mazarƙwaila, akwai wani mai tebur da ke sayar da maganin ƙwari da na ɓera. Cikin kayansa na hango katin ƙwayoyin Indocid, irin wanda tsofaffi ke sha saboda ciwon gwiwa. Na tambaye shi me ya kawo maganin mutane cikin guba. Ya ce, "Hajiya, ai duk teburin nan babu wanda ya kai shi kashe ɓera. Ki zazzage garin a kan kifi ki ajiye a lungu, gobe ki ba ni labari." Gaskiya ya faɗa. Daga Legas har Sakkwato mutane sun daɗe da gano cewa indometasin, sinadarin da ke cikin ƙwayar, yana cinye hanjin ɓera. Shi ne kuma maganin da a 1976 ya fara ba likitoci damar gyara wata matsalar zuciyar bakwaini ba tare da sun ɗauki wuƙa ba.

Ni Bakanuwa ce. Sanina da wannan yanki bai wuce gilmawa ta Tashar Yari a mota ba, in sayi rake ta taga in wuce Zariya. Wadda ta sa na sauka ƙawata ce 'yar Makarfi, ma'aikaciyar jinya da ta yi shekaru a ɗakin jarirai. Kowa a garinsu Sista yake ce mata, har yayyenta, ni ma sai na bi sahu. Biki ya kawo ta gida, na ce zan raka ta da sharaɗin ta zaga da ni Makarfi da Kudan da Ikara in ga yadda bakwaini ke rayuwa a inda babu kwalbar ɗumama jarirai.

Jariri a ciki ba ya numfashi. Huhunsa cike yake da ruwa, iskar da yake rayuwa da ita ta mabiyiya take zuwa masa, cikin jinin cibiya. Saboda haka Allah Ya yi masa wata gajeriyar jijiya daga saman zuciya, tana haɗa jijiyar da ke kai jini huhu da babbar jijiyar da ke rarraba shi ga sauran jiki. Jinin da ya nufi huhu sai mafi yawansa ya yanke ta nan ya wuce. Da an haihu ya yi kukan fari, huhu ya buɗe, aikin yanken ya ƙare. Abu biyu ke rufe shi: oksijin da ya ƙaru a jini, da raguwar wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda shi ke riƙe jijiyar a sake, mabiyiya kuma ita ce ke samar da kaso mai yawa nasa. A jaririn da ya cika wata tara, cikin kwana 2 zuwa 3 jijiyar ta tsuke, bayan 'yan makonni ta toshe har abada.

Na bakwaini bangonta bai ƙosa ba. Ba ya jin oksijin sosai, furostagilandin kuwa kaɗan ya ishe shi ya saki. Sai ta zauna a buɗe, jinin kuma ya juya, yana kwarara daga babbar jijiya yana komawa huhu. A bakin wani lambu Sista ta nuna mini wani manomi yana ban ruwa, ta ce, "Da zai fasa wa fangalin farko ya manta bai toshe ba, fangalin zai cika har shukar ta ruɓe, na ƙarshen gona kuma ya bushe. Huhu ne fangalin farko. Hanji da ƙoda su ne na ƙarshe." Jaririn zai riƙa haki, ana ganin bugun zuciyarsa ta fatar ƙirji, ya kasa rabuwa da oksijin, cikinsa ya ƙi karɓar nono. Iyaye kan dawo daga asibiti su ce an ce musu yaro na da huji a zuciya. Jijiyar a wajen zuciya take, likitoci kuma PDA suke rubutawa a kati.

An daɗe ana sanin ta. Galen, likitan zamanin Rumawa, ya bayyana ta tun ƙarni na 2. Amma sai ranar 26 ga Agusta 1938 aka fara ɗaure ta cikin nasara, a asibitin yara na Boston, a jikin wata yarinya 'yar shekara 7. Robert Gross ne ya yi aikin, ya kuma jira sai da maigidansa William Ladd ya tafi hutu, don ya san ba zai yarje masa ba. Yarinyar ta rayu har ta haura 80. Batun magani kuwa daga aspirin ya faro. A 1971 John Vane a Landan ya nuna cewa aspirin da danginta suna kashe raɗaɗi ne ta hana jiki yin furostagilandin. A 1973 Coceani da Olley a Toronto suka nuna a jikin 'yan raguna cewa wannan sinadarin ne ke sakin jijiyar. Sauran lissafin ba wuya: in an hana yin sinadarin, ai jijiyar za ta tsuke. A 1976 ayari biyu a Kalifoniya, na William Friedman a San Diyego da na Michael Heymann da Abraham Rudolph a San Faransisko, suka buga sakamakonsu a fitowa ɗaya ta mujallar likitanci ta New England. Indometasin ya rufe jijiyar.

Sai dai abin da yake yi wa ɓera bai bar bakwaini ba gaba ɗaya. Yana tsuke jijiyoyin ƙoda da na hanji, fitsari ya ragu, jini ya yi jinkirin daskarewa. Aka koma ga ibufurofen, wanda Stewart Adams ya samar a kamfanin Boots na Notingham a 1961, wanda mu muka fi sani da Brufen. Wani gwaji a Beljiyam a shekarar 2000, kan jarirai 148, ya nuna yana rufe jijiyar a kusan 7 cikin 10, daidai da indometasin, kuma ya fi sauƙi ga ƙoda. Daga baya aka gano na bakin ma yana aiki ba sai na allura ba. Na ukun bagatatan aka same shi. A 2011 Cathy Hammerman ta asibitin Shaare Zedek a Ƙudus ta ba da labarin bakwaini 5 da ibufurofen ya gaza musu ko ba ya yiwuwa a ba su, aka ba su farasitamol, jijiyar ta rufe. Gwaje-gwaje a Sin da Turkiyya suka biyo baya suka ƙarfafa maganar, ko da yake a mafi ƙanƙantar jarirai ƙarfinsa bai kai na sauran ba.

Yawan da ake bukata abin dariya ne. Jariri mai kilo 1 ana ba shi miligiram 10 na ibufurofen ranar farko, 5 washegari, 5 a ta uku. Miligiram 20 ke nan, ƙwaya ɗaya ta babban mutum mai 400 ta ninka shi sau 20. Duk magungunan nan uku babu kemis ɗin da na leƙa a Makarfi ko Kudan ko Ikara na rasa su a kanta. Da rashin magani ne ciwon, da yankin nan ya warke tuni.

A wani kemis na bakin tasha muna zaune a benci muna jiran mota, wata yarinya ta shigo da kuɗi a dunƙule, ta ce, "Dakta, wai in ji Yaya a ba ta na ciwon baya da mara, cikin ya yi nauyi." Ya jawo robobi ya fara haɗi, fari da ja da ruwan ɗorawa, a ƙullin leda. Sista ta miƙe ta ce, "Malam, Allah Ya ba ka haƙuri, mu ga abin da ka zuba." Akwai dikulofenak, akwai ibufurofen. Ta tambayi yarinyar watan cikin, ta ce an ce wata mai kamawa ne haihuwa. Mai kemis bai yi gardama ba, ya juye ya ba da farasitamol kaɗai, ya ce shi abin da aka hore shi da shi kar ya ba mai ƙaramin ciki magani mai ƙarfi saboda ɓari. Na tsohon ciki bai taɓa ji ba.

Ga abin da bai taɓa ji ba. Maganin da ke rufe jijiyar bayan haihuwa yana ratsa mabiyiya ya rufe ta kafin haihuwa, lokacin da jaririn ba shi da wata hanya. Jini ya taru a ɓangaren dama na zuciya, jijiyoyin huhu su yi kauri, a haifi yaro cikakken wata tara ya kasa shan iska. Yana kuma rage fitsarin ɗan tayi, ruwan mahaifa kuwa a watannin ƙarshe mafi yawansa fitsarin nan ne. A Oktoba 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki su guji wannan dangin magani tun daga mako na 20, haɗarin rufewar jijiyar kuma ya fi yawa daga mako na 30. Ban da 'yar ƙaramar aspirin da likita ke rubuta wa mai hawan jinin ciki, wannan hukuncinta daban. A ganina, a ƙauyukan nan ibufurofen ya fi samun hanyar zuwa ga jariri ta bakin uwarsa a wata na takwas fiye da ta hannun likita a ranarsa ta uku.

Makarfi gari ne da ya san aikin lafiya, domin nan makarantar koyon aikin lafiya take, mai sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020. Ɗalibanta ne ke riƙe da ƙananan asibitoci da yawa a yankin nan. Ɗaya daga cikinsu muka samu a wani ƙauye, saurayi mai kaifin kai, da sikeli da abin sauraron ƙirji a wuya. Ya ji labarin maganin a wani taron bita, tambayarsa kuma mai ma'ana ce: "Sista, in na ji ƙarar a ƙirjin bakwaini, ga ruwan Brufen a kabad, ga iyayen ba za su je Zariya ba, me zai hana in ba shi?"

Ƙarar da yake nufi George Gibson na Edinbara ne ya bayyana ta wajen 1900, likitoci na ce mata ƙarar inji don ba ta tsayawa tsakanin bugu da bugu. Sista ta ce masa a bakwaini kunne ba shaida ba ne. Jijiya mai faɗi kan yi shiru a kwanakin farko, 'yar ƙarama marar illa kuma ta cika kunne. Abin da ya fi wannan tsoro, akwai jariran da aka haifa da toshewar hanyar huhu, ko matsewar babbar jijiya, ko manyan jijiyoyin biyu sun yi musanyar wuri. Waɗannan da buɗaɗɗiyar jijiyar suke rayuwa. A manyan asibitoci ƙarin ruwan furostagilandin ake ɗaura musu don kada ta rufe kafin a yi aiki. Wanda ya ba irin wannan jariri ibufurofen ya rufe masa ƙofa ɗaya tilo. Ba abin da ke bambanta su sai hoton zuciya, eko, da wanda ya iya karanta shi a ƙirjin da bai kai tafin hannu ba. Bayan hoton ma sai an auna fitsari, an duba ƙwayoyin daskarar da jini, an duba shawara, domin ibufurofen na iya ƙara ta, ita kuwa shawara ba baƙuwa ba ce a jariranmu. In farasitamol aka zaɓa, hanta ake sa wa ido. Ya yi shiru, can ya ce, "To ni mene ne nawa?" Ta ce nasa ya ƙirga numfashi, in ya haura 60 a minti ko ƙirji na lotsawa ko yaro ya ƙi tsotso ya tura shi, kuma ya tura shi da ɗumi.

Kudan ta ba ni mamaki da gonakin inabi, sahu-sahu a kan rumfuna, abin da na ɗauka sai daga ƙasar waje ake kawo mana. Hedikwatar ƙaramar hukumar a Hunkuyi take, kuma cikin ukun ita ta fi kusa da Samaru da Shika, inda asibitin koyarwa yake. A wani gida da ke wajen gari aka shigar da mu ɗakin mai jego, yarinya ce da ta zo wankan gida a haihuwar fari. An toshe taga da tsumma, ga kaskon garwashi a tsakar ɗaki, jaririyar na naɗe cikin auduga da zannuwa har ba a ganin komai sai hanci. Tsohuwar da ta karɓi haihuwar, ungozomar unguwar, ita ke da ɗakin da maganar. Na gaishe ta, na ce, "Inna, ya ƙoƙari?" Ta ce, "'Yar nan, bakwaini nawa na raya a ɗakin nan kafin a haife ki. Ɗan wata bakwai yana tashi. Ɗan takwas ne ba ya zama."

Wannan magana ta girmi Inna da shekaru dubbai, tana cikin littattafan likitocin Girka na da, kuma ba daidai ba ce: kowane mako da ɗan tayi ya ƙara a ciki riba ne. Amma alfaharinta na da tushe. Ta san sanyi ne ke kashe bakwaini, ta san ba a yi masa wanka a buɗe, ta san in ya kasa kama nono a tatsa a ɗiga masa da cokali. Sista ba ta ƙaryata ta a gaban surukai ba. Ta roƙi a fitar da kaskon a buɗe kafar iska, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana cin iskar da huhun jaririyar ke wahalar samu. Ta tambaya ko an ba ta dakashi ko an zubar. Sannan ta kwance zannuwan, ta saurari ƙirji, ta ƙirga numfashi tana kallon agogon waya, ta ɗora jaririyar tsirara a tsakanin nonon uwar, da hula da ƙyalle kawai, ta ɗaure su da zani.

Nan aka yi ta. Inna ta ce goyo a baya ake yi, kuma ina aka taɓa ganin mai ɗan fari ta rungume ɗa a ƙirji a gaban iyayenta, ba kunya? Ga wankan jego safe da yamma, wa zai riƙe ta? Sista ta ce, "Ke za ki riƙe ta, Inna, a naki ƙirjin. Ɗumin kaka ma ɗumi ne." Aka yi dariya, kakar ta ce ita dai kishiya aka kawo mata ba ɗiya ba.

Goyon ƙirji a Bogota ta Kolombiya ya samo asali a 1978, inda Dakta Edgar Rey ya rasa isassun kwalabe ya mai da iyaye mata kwalba. Wani babban gwajinsa da mu aka yi: Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, a asibitin koyarwa na Ile-Ife. Jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8, aka fara wa rabi goyon nan take bayan haihuwa, rabi sai da suka daidaita a kwalba. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna mutuwa cikin kwana 28 ta sauko daga kashi 15.7 zuwa kashi 12 cikin ɗari. A Nuwamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi shawararta ga kowa. Cikin magungunan jijiyar nan uku babu wanda aka taɓa nuna ya rage mutuwa haka.

Zafin ɗakin ya tuna mini cewa ƙasar Zazzau ta riga ta shiga littattafan ciwon zuciya ta ƙofar jego. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi mata 224 a Zariya da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da wankan tafasasshen ruwa, kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawa. Bincike na baya ya ƙaro wasu dalilai, har da hawan jini da ƙarancin wasu sinadarai a abinci. Amma ƙafar mai jegon nan Sista ta danna ta duba kumburi kafin mu fita, ta ce a rage kanwa.

Ikara ta fi nisa da Zariya. Tumatir ne arzikinta, a kwanduna a bakin hanya da shanyarsa ja wur a kan duwatsu da buhuna, ga kamfanin sarrafa shi da aka kafa a 1981 wanda ya sha rufewa da buɗewa. Mutanen wajen Paki, da yake suna bakin iyaka, wasunsu Kano suke nufa in ciwo ya yi tsanani. Kano ko Zariya, kowace aka zaɓa tafiya ce, kuma a nan na fahimci dalilin da ma'aikatan lafiyar ƙauye ke cewa su ba su cika ganin ciwon buɗaɗɗiyar jijiyar nan ba.

Lissafin makonni ne. Jaririn da aka haifa tsakanin mako 30 da 37, kusan duk jijiyarsu ta rufe da kanta kafin ranar suna. Wanda aka haifa ƙasa da mako 28, fiye da rabinsu tana buɗe a ranar. Su ne masu bukatar eko da magani, su ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta fiye da 9 cikin 10 suna rasuwa a kwanakin farko, alhali a ƙasashe masu arziki ba su kai 1 cikin 10 ba. Bakwainin da Inna ta raya manya ne, waɗanda jijiyarsu ba ta jira kowa ba. Ƙananan ba sa kai wa ga kunnen likita. Ana cewa ɓari ne, a binne kafin azahar. Najeriya ta samu bakwaini kimanin 774,100 a 2020, ta uku a duniya bayan Indiya da Pakistan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce a Arewa maso Yamma haihuwa 16 cikin 100 ce kawai ake yi a asibiti. Mafi yawansu ba wanda ya ɗora su a sikeli, ba kuma wanda ya san makonsu.

A tashar Ikara wani direba ya ba mu labarin yadda ake ɗauko irin waɗannan jarirai. Sai an jira maigida ya dawo daga lambu, sai an sayar da buhu ko an ranto, sai an sami mota. Kaka ce ke riƙe yaron a cinya cikin tawul, uwar na gida tana wanka, gilashi a buɗe don zafin fasinja, iskar hunturu na kaɗawa. Zafin jikin jariri bai kamata ya sauka ƙasa da 36.5 ba. Da yawa suna isa asibiti a sandare, kafin a yi maganar zuciya sai an yi yaƙi da sanyi da ƙarancin sukari. Kuɗin kuma ba na magani ba ne. Na gado ne da oksijin da gwaje-gwaje da abincin masu jinya na makonni, da gonar da aka bari. Sista ta ce wa direban in an sake kawo masa irin wannan, ya ce sai da uwar, yaron a ƙirjinta cikin riga, ya kuma rufe gilashi ko fasinja za su zage shi.

Kusan duk wanda muka tambaya ina ake kai wa, Shika ya nuna. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma can a 2005, yana da ɗakin kula da jarirai na musamman da likitocin zuciyar yara. Abin mamakin shi ne, jaririn da ya tsallake duk wannan ya iso, aka ɗora masa eko aka ga jijiyar, mai yiwuwa a yau likita ya ce a dakata. Ilimin ya juya cikin 'yan shekarun nan. Gwajin BeNeDuctus na Holan da Beljiyam da Denmak ya ɗauki jarirai 273 'yan ƙasa da mako 28, aka ba rabi ibufurofen da wuri, aka zuba wa rabi ido. Mutuwa ko lalacewar huhu ko ruɓewar hanji ta sami kashi 46.3 na waɗanda aka zuba wa ido, da kashi 63.5 na waɗanda aka ba magani. Gwajin Baby-OSCAR na Birtaniya, jarirai 653, ya fito a Janairu 2024: maganin ya rufe jijiyar, amma bai rage mutuwa ko ciwon huhu ba. Kusan shekara 50 ana rufe ta, sai ga shi ana tambaya ko ita ce mai laifin ko kuwa alama ce kawai ta jikin da bai nuna ba. Yanzu likitoci da yawa sun keɓe maganin ga jaririn da hoto ya nuna jijiyarsa babba ce kuma jikinsa ya nuna tana cutar da shi.

Kada a ji wannan a ce ashe zaman gida ma daidai ne. Jaririn Holan da aka zuba wa ido yana cikin kwalba, da na'urar numfashi a hanci, ana auna kowane ɗigon ruwa da ya shiga da wanda ya fita, ana maimaita hoton. Zuba ido ne na mai ido. Abin da gwaje-gwajen suka koya mana dai shi ne inda ya kamata kuɗin ƙaramar hukuma ya tafi. Allurar dekzametason da ake yi wa mai naƙudar bakwaini tana nunar da huhun jariri; gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladash kan mata 2,852, ya rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Sharaɗinta a san makonnin cikin, wato a yi awo da hoton ciki da wuri, kuma a haihu inda za a kula da yaron. Maganin kafeyin da ake ba bakwaini don kada ya manta numfashi, babban gwajinsa na 2006 ya nuna waɗanda suka samu ba su cika bukatar a taɓa jijiyarsu ba. Sai oksijin da wutar da ba ta ɗaukewa, wanda a kansa Farfesa Hippolite Amadi ya ci kyautar kimiyya ta Najeriya a 2023 da na'urorin numfashin jarirai masu aiki da hasken rana.

Akwai ragowar da ba ta rufewa, ko da magani ko babu. Bayan makonnin farko bangon jijiyar ya daina jin magani, ko an ɗura kwalbar magani guda banza ne. Irin wannan yaro ana gane shi daga baya: yana gumi in yana tsotso, yana saki yana hutawa, nimoniya na kama shi a kai a kai, sa'anninsa na girma suna barinsa. A gida akan ce haƙori ne ko shan ciki. Gyaransa ɗaya daga cikin mafi sauƙin ayyukan zuciya ne. Ta gefen hagu ake shiga tsakanin haƙarƙari a ɗaure jijiyar, ba a buɗe zuciya ba a tsayar da ita, shi ya sa ba ya bukatar injin da manyan ayyukan zuciya ke bukata. Ko kuma a zura siririn bututu ta jijiyar cinya a dasa toshi. A 2019 Amurka ta amince da wani mai suna Piccolo da ake sa wa jariri mai giram 700. In kuwa babba ce aka bar ta shekaru, jijiyoyin huhu su ƙandare saboda matsin jini, kwararar ta juya baya, yatsun ƙafa su yi shuɗi na hannu suna nan da launinsu. A wannan matakin rufe ta kisa ne, likita sai dai ya ba da maganin rage wahala. Saboda wannan ne ake sallamar bakwaini da ranar dawowa a sake hoton, ko da ya yi ɓul-ɓul yana tsotso lafiya. Sista ta ce a ɗakinsu sukan rubuta ranar da watan Musulunci a bayan katin, su faɗa wa uban da bakinsu, don shi zai biya kuɗin mota.